Ranar da Mai Faci Ya Zaɓi Piya

Wuƙar ta zame daga jikin piyar ta sari katakon yanka, ita kuwa piyar ta yi tsalle ta faɗo ƙasa da ƙara kamar an yar da guduma, ta gangara ƙarƙashin firij. Na durƙusa na zaro ta da mariƙin tsintsiya. Ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Na ɗauko ta biyu daga jakar takarda na danna. Dutse. Ta uku ma haka. Na zazzage su duka a kan tebur, goma sha biyu cif, kore shar, sai ƙyalli suke yi kamar an goge su da mai. Agogon kicin ya nuna biyu saura kwata. Ƙarfe huɗu za a fara walimar ritayar surukata a harabar gidan benen da muke zaune, tun daga hawa na uku ina jiyo masu jera kujeru suna jan ƙafafun ƙarfe a kan siminti.

Waɗannan ba nawa ba ne. Nawa na san su ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyar ina renon su a cikin jakar nan tare da ayaba biyu, kamar yadda nas ɗin wurin aikinmu ta koya mini, kullum da safe sai na leƙa su kafin in leƙa madubi. Jiya da yamma suka nuna daidai, in ka danna su ɗan lotsa su tsaya. A haka na bar su da safe na tafi aikin rabin yini, don ni ce mai karɓar baƙi a wurin wani likitan haƙori, Asabar kuwa ba ta hana haƙori ciwo.

A dangin mijina, duk taron da za a yi, yayarsa ta fari, wadda kowa ke kira Yaya Babba, ita ke rubuta takardar wa zai kawo me. Mama kuwa, wato surukata, shekara talatin da biyar tana koyarwa a firamare, ba ta iya ganin abu ta wuce ba ta ba shi maki ba. Takan bi teburin abinci da jan bironta, ta ɗanɗana kowane kwano, ta rubuta maki bisa goma a gaban sunan mai shi. Shekarar da na shigo dangin na ƙona shinkafa, ƙunar da sai da maƙwabta suka fito da bokitai. Mama ba ta ba ni sifili ba, mace ce mai tausayi. Ta dai rubuta: "Ki same ni bayan an tashi." Tun daga ranar, shekara shida ke nan, abu ɗaya Yaya Babba ke rubutawa a gaban sunana: ƙanƙara. Har 'ya'yan dangi ba su san ni da wani suna ba sai Anti Ƙanƙara.

To bana na kafe sai na kawo abin ci. Haɗin piya da tumatir, wanda ake dangwala da gasasshen burodi da yankakken karas, abin da ko wuta ba a kunna masa balle ya ƙone. Yaya Babba ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta gindaya sharaɗi a gaban kowa: in Mama ta ba ni bakwai ko sama, an soke ƙanƙara. In makin ya gaza bakwai, ni da ƙanƙara mutu-ka-raba, kada in sake ɗaga maganar. Na ce na amince. Sau uku na gwada haɗin a wurin aiki lokacin cin abincin rana, har likita ya side cokali.

Yanzu ga ni da duwatsu goma sha biyu.

Mijina yana falo yana goge rigarsa yana fito. In ina jin daɗinsa Injiniya nake ce masa, ko da yake faci yake yi a bakin babban titi, shekara ashirin yana fama da tayoyi. Ranar Malam na kira shi, da jin haka ya jingine dutsen guga. Na ɗaga masa piya ɗaya na tambaye shi mene ne wannan.

"Ai ba sai kin gode ba, Madam," in ji shi. "Allah ne ya rufa miki asiri na leƙa."

Da fara'arsa ya ba ni labari. Wai bayan fitata ya buɗe jakar zai ɗauki ayaba, sai ya ɗan danna piya ɗaya da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya danna ta biyu, ya shige. Duka goma sha biyun sun sace, in ji shi, babu mai rai ko ɗaya. Shi kuwa tun yana yaro ubangidansa ya koya masa cewa duk abin da ka danna ya lotsa bai kamata ya hau titi ba. Sai ya kwashe su, ya tafi kasuwa, ya tsuguna gaban kwandon mai piya yana zaɓe, ya danna wannan, ya ƙwanƙwasa waccan a kusa da kunne. Mai piyar ya yi ta faɗa masa waɗannan sai sati mai zuwa, yana tura masa masu laushi, shi kuma ya ce da shi ba yau ya fara ganin mai son sauke wa mutum ruɓaɓɓen kaya ba.

"Duba ki gani," ya karɓi ta hannuna ya matsa da dukkan ƙarfinsa. "Wannan ko tirela ta taka ta sai dai tirelar ta ji."

Na ce masa in na kai wannan gaban Mama, likitanmu zai samu aikin wata guda daga danginsa kaɗai. Na ce laushin shi ne nunar, taurin shi ne ɗanyen. Na ga murmushin yana sacewa daga fuskarsa a hankali, kamar tayar da ta taka ƙusa.

"Ina nawa?" na tambaya.

Ya sosa ƙeya. Wai ya nufi bola da su, sai ya haɗu da Anti Kumfa a bakin ƙofa, mai shagon gyaran gashi da ke ƙasan benenmu ta wajen titi, wadda hannunta ba ya rabuwa da kumfar sabulu. Ta leƙa ledar ta ce haba, wannan ai dukiya ce, ya ba ta, ita tana dama su ta shafa wa mata a kai don gashi ya yi laushi.

Matakala arba'in da takwas ce daga ƙofarmu zuwa ƙasa. Ban san na taka fiye da goma ba.

Shagon Anti Kumfa ɗaki ɗaya ne dogo, madubi a bango guda, kujeru uku masu juyawa, sai na'urar busar da gashi mai kama da tukunyar da aka kife. Ƙamshin man gashi da ƙaurin ƙarfen miƙar da gashi suka tare ni tun daga labule. A can ƙurya, wurin wankin kai, wata mata ta kwanta a kujera ta jingina wuya a bakin kwamin, an rufe mata fuska da tawul mai ɗumi, kanta kuwa kore shar tun daga goshi har ƙeya. Anti Kumfa na tsaye a kanta da safar hannu ta roba, tana kwasowa daga wani shuɗin kwano tana laftawa. A kan tebur kusa da ita ga ɓawon piya a tare, na ƙirga ƙwallaye bakwai. Gefe kuma ga ledar mijina, da sauran biyar a ciki suna jiran layi.

Na buɗe baki zan yi sallama, sai matar da ke ƙarƙashin tawul ta yi magana.

"Ai matar ƙanen nawa ba ta da laifi, yarinya ce mai kirki, hannun ne dai Allah bai ba ta ba. Ruwan zafi ma in ta dafa sai an tambaya mene ne."

Na fasa sallamar. Yaya Babba ce. Ta zo gyaran gashi kafin walima, kuma piyata ce a kanta.

Anti Kumfa ta ɗago ta gan ni, za ta gaishe ni, na ɗora yatsa a baki na haɗa hannuwa biyu ina roƙo. In Yaya Babba ta ji muryata ta san halin da nake ciki, kafin ƙarfe huɗu labarin ya zaga dangi har da na ƙasashen waje. Na nuna ledar, na nuna ƙirjina. Anti Kumfa ta ɗaga gira. Na nuna bakina, na yi alamar cin abinci. Ta nuna kan Yaya Babba, ta ware yatsu, wai gashin da yawa kuma ba ta gama ba.

Yaya Babba dai ba ta fasa ba. Tana ba da labarin shinkafar nan ta shekara shida, an ƙara mata gishiri, yanzu har da motar kashe gobara a ciki. Ta ce ita don tausayi ma ta riga ta yi wa mai sayar da ƙanƙara magana ya ajiye buhu biyu, don in abin ya watse yarinyar ta samu abin riƙewa a hannu.

Na ɗauki jan baki daga gaban madubi na rubuta a jikin gilashin da manyan baƙi: NAWA NE. NA WALIMA NE. MIJINA YA YI KUSKURE.

Anti Kumfa ta karanta, ta dubi kan da ke gabanta, ta dube ni, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta cusa gefen mayafinta a baki don kada dariyar ta fito. Da ƙyar ta miƙa hannu ta ɗauko wani shuɗin kwanon daga kan shiryayye, irin wanda take dama haɗinta a ciki, ta juye biyar ɗin a ciki ta miƙo mini. Kafin in karɓa ta janye, ta nuna harshenta, ta nuna kwanon. Na gane: a dawo mata da kwanonta, kuma kada ya dawo fanko. Na gyaɗa kai har sau uku.

"'Yar nan, ƙara min a ƙeya," in ji Yaya Babba. "Nan ne yake karyewa."

Anti Kumfa ta ce ai sun ƙare, wanda ke kai ma ya isa. Yaya Babba ta yi tsaki, sannan ta ja hanci daga ƙarƙashin tawul ta ce ita fa tana jin warin asibitin haƙori. Na dubi jikina, ashe ko rigar aiki ban cire ba. Hannunta ya tashi zai ɗaga tawul ɗin. Anti Kumfa ta murɗa famfo gaba ɗaya ta ce ta rufe ido ruwa zai shiga, ni kuma na goge madubin da gwiwar hannu na fice da baya, kwano a ƙirji.

Biyu da rabi na dawo kicin. Mijina na tsaye a bakin ƙofa kamar ɗalibin da aka kora daga aji, ya tambaya ko akwai abin da zai taimaka da shi. Na so in ce taimakon da ya yi da safe ya wadatar har baɗi, amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma hannu biyu ba za su ishe ni ba. Na sa shi ya wanke hannu sau uku, saboda baƙin da ke ƙarƙashin faratansa ya girme auren namu.

Na zagaya piya ta farko da wuƙa, na murɗa, ta rabe biyu lumus, cikinta kamar man shanu. Na nuna masa. Ya ce to, ya gani. Na fitar da ƙwallayen, na kwashe naman da cokali, na ba shi cokali mai yatsu ya farfasa, na gargaɗe shi kada ya mai da shi kunu, a bar 'yan gudaji. Piya biyar ga mutum talatin abin dariya ne, don haka tumatir ya ɗauki nauyin da ba nasa ba: shida na yanka, na ƙwaƙule 'ya'yan da ruwan don kada haɗin ya tsinke, na yayyanka su ƙanana. Albasa rabi, attarugu ɗaya tal, gishiri, sai lemun tsami biyu da mijina ya matse har suka nemi gafara. Na juya a hankali, na ɗanɗana. Na ba shi ya ɗanɗana. Ya lumshe ido ya ce ashe abin da ya kusa kaiwa bola ke nan.

Har na fara murmushi, sai idona ya faɗa kan agogo. Uku da minti biyar. Walima sai huɗu, kuma Mama ba ta ɗaukar jan biro sai an gama jawabai, tsofaffin malamai kuwa in suka riƙe lasifika sai dai a ɓamɓare. Ke nan haɗin zai zauna awa biyu. A wurin aiki muna gamawa muke cinyewa, shi ya sa na manta da kashedin nas, cewa piya in ta daɗe a buɗe baƙi take yi. Na duba kwanon. Tuni gefe-gefen ya fara dusashewa.

Na zauna a kan kujerar kicin na ce shi ke nan, ya je ya karɓo buhunan ƙanƙarar yayarsa tun da wuri. Wa zai ba abu mai kalar laka maki bakwai?

Ya tambaye ni me ke sa ta baƙi, zafi ne? Na ce a'a, iska ce, da ta taɓa ta sai ta juye.

Ya miƙe tsaye sosai, karo na farko tun da na kira shi Malam.

"Iska? Ai da tun ɗazu kin faɗa. Matsa nan, Madam, kin shigo shagona."

Ya naɗe hannun riga. Ya ɗauki cokali ya shafe saman haɗin da bayansa har ya kwanta sumul, babu tudu babu kwari, yana cewa ba a ɗora faci a kan wuri mai gargada. Ya matsa sauran lemun tsami ya bi ko'ina da shi kamar mai shafa gam, har ya ɗan dakata ya hura, don sabo. Sannan ya yanko farar leda, bai rufe bakin kwanon da ita ba kamar yadda ni zan yi, a kan haɗin kansa ya kwantar da ita, ya fara daga tsakiya yana bi da babban yatsan nan nasa zuwa gefe, duk ƙurjin iskar da ya gani sai ya kora shi har bakin kwano ya fitar. Da ya gama ya kara kunne yana sauraro. Ya so ma ya tsoma kwanon a bokitin ruwa ya ga ko zai yi kumfa, nan ne na ce ya isa haka.

Tun kafin ya rufe na ɗebi cokali huɗu na zuba a shuɗin kwanon Anti Kumfa, shi ma ya liƙe shi tsaf, na ce ya kai mata ya ce na gode. Babban kwanon ya shiga firij. Kafin in gama gasa burodi ya dawo yana haki, ya ce bai same ta ba, ta raka Yaya Babba waje, abokiyar aikinta kuma tana waya, sai ya ajiye mata a kan shiryayye cikin 'yan uwansa. Na ce to, hankalina yana kan burodi kada tarihi ya maimaita kansa.

An fara walima huɗu da rabi. Mama na zaune a tsakiyar rumfa cikin farin leshi, tabarau a kan hanci. Tsohon shugaban makarantarsu ya ce zai yi magana a taƙaice, ya yi minti arba'in. Wani ƙaton mutum mai furfura ya tashi ya ce shi ɗalibinta ne, har yau in ya ga jan biro gabansa faɗuwa yake yi. Yaya Babba kuwa ta ture ɗankwali baya yadda kowa zai ga gashin, sai sheƙi yake yi yana lilo, mata suna ta tambayarta sirrin. Duk wadda ta tambaya sai in ji kamar in ce ta zo ni in faɗa mata.

Biyar da rabi Mama ta miƙe, ta zaro biro daga jaka, ta karɓi takardar. Gasassun kajin Yaya Babba, tara. Shinkafar matar ƙanen mijina, bakwai. Kek ɗin autarsu, shida, da sharhin cewa an yi gaggawa. Nawa ne na ƙarshe a tebur, inda bokitin ƙanƙara ya saba zama. Na kama gefen ledar na ɗaga.

Kore shar, da ɗigon ja a ko'ina, kamar yanzu aka gama shi. Daga bayana na ji mijina ya sauke numfashi.

Yara suka fara miƙo burodi. Sai Yaya Babba ta matso, ta sunkuya, ta ja hanci. Ta taɓa gashinta ta sansana yatsunta, ta sake sansana kwanon.

"Mama, dakata," in ji ta, da muryar da har na bakin ƙofa sai da suka ji. "Wannan ai abin gyaran gashi ne. Ɗazun nan aka wanke min irinsa daga kai."

Hannaye suka tsaya a iska da burodi a cikinsu. Wata gwaggo ta mayar da karas ɗinta faranti a hankali. Mama ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ya sa ƙaton mai furfurar nan ya gyara zama daga inda yake.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce gaskiyar Yaya ce, ba ma irinsa ba ne kawai, jaka ɗaya suka fito: bakwai suna kanta, biyar suna cikin kwano. Na kwashe labarin tun daga babban yatsan ƙanenta har zuwa jan bakin da na yi rubutu da shi a madubi. Motar kashe gobara kaɗai na tsallake, amma na dubi Yaya Babba daidai wurin, ita ma ta san na tsallake, don ɗankwalin ya dawo gaba da sauri. Kafin in kai ƙarshe rumfar ta kece da dariya. Wani kawu ya ce a kawo masa mijina ya danna masa ciki ya ji ko shi ma ya sace.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki burodi ta ce abin da ya gyara kan 'yarta ba zai ɓata cikinta ba. Ta dangwala ta ci. Ta tauna a hankali tana kallon rufin rumfa. Ta ɗauki karas ta sake dangwala. Ta koma burodi. A shekara shida ban taɓa ganin ta ɗanɗana abu sau uku ba.

Ta cire murfin biro da haƙori, ta rubuta, ta juyo mini da takardar.

Takwas.

Ta ce ta cire ɗaya saboda ya yi kaɗan, ɗayan kuma saboda ba ta taɓa ba kowa goma ba kuma ba za ta fara ranar ritaya ba. Sannan ta ja layi biyu a kan tsohuwar kalmar da ke gaban sunana, ta gangara ƙasa ta nemo sunan ɗanta, wanda tun da aka fara takardar ba a taɓa rubuta masa komai ba sai jera kujeru.

"Kai kuma daga yau ƙanƙara taka ce," in ji ta. "Ita kaɗai ce abin da ake so da tauri. Je ka danna son ranka."

Wata 'yar ƙanwarsa ta gwada sunan a bakinta, Kawu Ƙanƙara, sauran suka amshe. Ya dube ni yana neman ceto, na ce masa sannu, Injiniya. Ya ji sunan ya dawo, ya washe baki kamar shi aka ba takwas ɗin.

Minti goma kwanon bai yi ba. Ta ƙarshe a kansa Yaya Babba ce, ta juya wa mutane baya tana kankare gindin da ɓawon burodi. Da ta ga ina kallo ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Na ce in sha Allahu zan gyara, na miƙa mata wani burodin.

Ina cikin tattara faranti na lura hirar bakin ƙofa ta mutu, shirun yana tahowa layi-layi har ya iso rumfa. Mutane suka dare biyu. Wata doguwar mata da ban taɓa gani ba ta shigo harabar, sanye da kakin 'yan sanda, igiya uku a hannun riga, tawul a wuya. Idanunta sun yi jawur suna zubar da ruwa. Kanta kore ne shar, ga 'yan jajayen gutsattsarin tumatir a maƙale tun daga goshi har bayan kunne, warin albasa kuwa ya riga ta isowa. A bayanta abokiyar aikin Anti Kumfa ce ke tafe tana murza hannu, ita kuma Anti Kumfa ta laɓe a jikin ƙofa, mayafi a baki.

Matar ta tsaya a tsakiyar rumfa, ta ɗaga shuɗin kwano sama yadda kowa zai gani. Ledar mijina na lilo a gefensa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta share ido da gefen tawul, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne a cikinku ya ajiye wannan a kan shiryayye?"